Daga Yaron Shago Zuwa Mai Shago: Matakan Sana'ar Kafintan Kayan Ɗaki

Gabatarwa

Duk gidan da mutum ya shiga a ƙasar nan, da wuya ya fita bai taɓa aikin kafinta ba. Ƙyauren da ya tura, da kujerar da ya zauna a kai, da kabad ɗin da aka ɗauko masa kofi a ciki, duk wani ne ya auna su, ya yanka, ya haɗa. Amma idan aka tambayi ɗalibin jami'a yadda ake zama irin wannan ma'aikaci, shekara nawa ake yi ana koyo, wace takarda ake samu, kuma ta ina riba take shigowa, sai amsa ta gagara. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka sana'a ce ta wanda boko ya ƙi. A wannan maƙala zan bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai hanyar da mutum yake bi har ya zama ƙwararren kafintan kayan ɗaki mai aikin oda, wato wanda yake ƙera abu daidai da buƙatar mai shi da kuma girman ɗakinsa. A ganina sana'ar tsani ce mai matakai sanannu, kuma abu uku ne suke hawar da mutum: daidaiton awo, da sanin halin katako, da riƙon amana.

Rabe-raben Sana'ar

Tun da mu ɗaliban harshe ne, bari mu fara da kalmomi. Tun kafin zuwan Turawa Hausawa suna da sana'ar sassaƙa. Masassaƙi yakan ɗauki gungume guda, ya rarake shi da gatari da gizago, ya fitar da turmi ko akushi ko kujerar zaman mata. Ita kuwa kalmar kafinta aro ce daga Ingilishi, kuma Yarabawa ma haka suke kiransa. Bambancin da ke tsakaninsu yana cikin hanyar aiki. Masassaƙi ragewa yake yi daga abu guda, shi kuwa kafinta harhaɗa falankai yake yi da ƙusa da gam. Saboda haka dole kafinta ya iya lissafi, domin kuskuren falanki ɗaya yana shafar sauran duka.

A cikin kafintoci ma akwai rukuni uku. Na farko shi ne kafintan gini, mai ɗaura katakon rufi da yin akwatin da ake zuba kankare a ciki. Na biyu shi ne mai ƙera sassan gida a cikin shago, kamar ƙofofi da tagogi da firam ɗinsu da matakala da katakon adon bango, galibi da taimakon injuna, sannan a kai su wurin gini a kafa. Na uku shi ne mai kayan ɗaki: gado, tebur, kujeru, kabad ɗin kicin, da ma'ajiyar tufafi. Rukuni na biyu da na uku su ne abin da maƙalar nan ta shafa. Idan kafintan rufi ya yi kuskuren rabin inci, kwano da silin za su rufa masa asiri. Amma idan murfin kabad ya karkace da milimita 3 kacal, uwargida za ta gan shi kullum safe, kuma za ta gaya wa maƙwabta sunan wanda ya yi.

Hanyoyin Shiga

Hanya ta farko, wadda mafi yawan kafintocin ƙasar nan suka bi, ita ce koyo a shago. Iyaye su kai yaro wurin maigida, a yi yarjejeniya, galibi ta shekara 3 zuwa 5. A farkon zuwansa aikin yaro shara ne da ɗaukar katako da miƙe tanƙwararrun ƙusoshi da gogar katako har ya yi sumul. Mai kallo zai ce ɓata lokaci ne, amma a nan ne hannu yake sanin bambancin busasshen katako da ɗanye. Daga nan a ba shi zarto, sai haɗi, sai fenti. Idan wa'adi ya cika a yi bikin yaye, wanda a nan kudu ake kira firidom. Amfanin wannan hanya shi ne yaro yana ganin yadda ake ciniki da yadda ake lallashin mai kaya idan ya fusata. Illarta kuwa, iyakar saninsa iyakar sanin maigidansa. Idan maigida bai iya karanta zanen gini ba, yaro ma haka zai fita.

Hanya ta biyu ita ce makaranta. Wanda ya gama ƙaramar sakandare zai iya shiga kwalejin fasaha ya yi shekara 3, ya rubuta jarrabawar Hukumar Shirya Jarrabawar Kasuwanci da Fasaha ta Ƙasa, wato NABTEB, wadda aka kafa a 1992, mai hedikwata a Benin. Tana ba da takardar NTC a fannoni da suka haɗa da aikin kafinta da ƙera kayan ɗaki, akwai kuma babbar takarda ta ANTC ga mai son ci gaba. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 a Kaduna, ita take tsara manhajar kwalejojin. Mai son zurfafa ilimi kuma zai iya zuwa Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Ibadan, inda ake koyar da fasahar sarrafa katako da takarda, ko Jami'ar Ibadan, wadda take da sashen injiniyancin sarrafa katako.

To, wanda ya koya a shago fa, ba shi da rabo a takarda ke nan? Yana da shi. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga mataki na 3, a je na 2, a ƙare a na 1. Haka nan NBTE tana da tsarin tantance ƙwarewar da mutum ya samu a wajen aji a ba shi shaida. Akwai kuma Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, da aka kafa a 1971, da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, da aka kafa a 1986, waɗanda suke shirya horon sana'o'i. Mai odar gado ɗaya ba zai tambayi takarda ba. Amma ranar da kafinta ya nemi aiki a kamfanin gini, ko kwangilar kujerun makaranta, takardar ce za ta fara yi masa magana. Shawarata ga mai niyya ita ce ya haɗa biyun, ya sami hannu a shago, ya sami shaida a hukuma.

Awo da Lissafi

Abu na farko da yake raba gwani da ɗan koyo shi ne awo. Akwai ma'aunai da jikin ɗan'adam ya tsayar. Tsayin teburin cin abinci kimanin santimita 75 ne, mazaunin kujera kimanin 45, saman kabad ɗin kicin da ake aiki a kai kimanin 90. Idan an rage da yawa mai girki za ta yi ta ciwon baya, idan an ƙara kuma kafaɗa ce za ta gaji.

Akwai kuma ma'aunin da kayan aiki suka tsayar. Allon filawud, da allunan garin katako da ake kira MDF da HDF, suna zuwa da girman ƙafa 4 da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. Bari in ba da misali. Idan zurfin ma'ajiyar tufafi santimita 60 ne, allo ɗaya zai ba da gefe biyu, har da 'yar rarar da haƙoran zarto za su ci, domin kowane yanka yana cinye kimanin milimita 3. Amma idan mai kaya ya ce a yi masa zurfin 65, allo ɗaya gefe ɗaya kawai zai bayar, saura santimita 57 da ba za su isa na biyu ba. Ƙarin santimita 5 ya jawo sayen wani allon. Kafintan da bai yi wannan lissafi kafin ya faɗi farashi ba, daga aljihunsa zai cika.

Sannan bangon gidajenmu ba kasafai yake miƙewa sak ba. Shi ya sa mai aikin oda yakan je da kansa ya auna faɗin wuri a ƙasa da tsakiya da sama, ya yi aiki da mafi ƙanƙanta. Idan yana son tabbatar da kusurwa, sai ya auna santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗaya gefen. In tsakanin alamomin biyu ya ba da 50, kusurwa ta daidaita. Wannan shi ne lissafin da aka koya mana a sakandare, muka ɗauka a takardar jarrabawa amfaninsa ya ƙare.

Sanin Halin Katako

Abu na biyu shi ne sanin katako. Wanda ya shiga kasuwar katako ta Bodija a Ibadan, ko ta Amu da ke Mushin a Legas, zai tarar da iri-iri, kowane da halinsa. Iroko, wanda Hausawa suke kira loko, yana da ƙarfi, yana jure ruwa da gara, don haka ya dace da ƙofar waje da firam. Dangin maɗaci suna da jan launi mai kyau, ana son su a kayan falo. Obeche, wanda Yarabawa suke kira arere, fari ne mara nauyi mai sauƙin aiki, amma ƙwari suna son sa, sai an sa masa magani. Malaina da tik kuwa baƙi ne daga nahiyar Asiya, an dasa su a gandayen gwamnati irin na Omo a jihar Ogun. Akwai ma katakon da duniya ta sani da suna safele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na jihar Delta, tsohuwar tashar fitar da katako.

Babban sirrin dai yana cikin ruwa. Itacen da aka sare yanzu cike yake da ruwa, wani lokaci har rabin nauyinsa. Yayin da yake bushewa ba ya raguwa sai ruwan da ya saura ya sauka ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshen katakon. Daga nan sai ya fara tsukewa, kuma ta faɗi yake tsukewa, ta tsawo kuwa kusan babu. Ko bayan ya bushe bai daina motsi ba, domin yana shan danshi daga iska yana kuma sakewa. A iska mai laima irin ta Legas, katako yakan tsaya a wajen kashi 15 ko 16. A busasshiyar iskar hunturu irin ta Kano ko Sakkwato yana iya sauka zuwa wajen kashi 5 ko 6. Wannan tazara ta isa ta rage kusan santimita 1 daga saman tebur mai faɗin santimita 60 a wasu irin katako. Dalili ke nan da gadon da aka ƙera a kudu da damina, aka kai wa amarya a arewa cikin kayan ɗakinta, yakan fara tsagewa ko sassautawa da zarar hunturu ya kama. Haka kuma ƙofar da aka yi da rani takan kumbura ta ƙi rufuwa da damina.

Gwanin kafinta yana da magani uku. Yakan jera falankai a inuwa, ya sa ƙananan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, ya jira watanni, ko ya sayi wanda aka busar a ɗakin zafi. Yakan gwada da 'yar na'urar auna danshi. Sannan yakan yi haɗin da zai bar wa katako wurin motsi. Dubi tsohuwar ƙofar katako: faffaɗan allon tsakiya zaune yake cikin tsagi, ba a liƙe shi da gam ba, domin ya kumbura ya tsuke ba tare da ya fasa firam ba. A kusurwoyi kuma akan fafe rami a katako ɗaya, a fitar da harshe a ɗayan, a cusa. Irin wannan haɗi yana daɗewa fiye da na ƙusa nesa ba kusa ba. Su kuwa allunan MDF ba sa irin wannan motsi sosai, amma abokin gabarsu ruwa ne. Idan aka sa su ƙarƙashin wurin wanke-wanke ba tare da an rufe bakinsu da kyau ba, sai su kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi.

Hawa Tsani

Bayan yaye, ba kowa yake da jarin buɗe shago nan take ba. Matakin da ya biyo baya shi ne aiki a ƙarƙashin wani, ana biyan mutum a kan kowane aiki ko a kan yini. A nan ne mai hankali yake tara kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, yake kuma zaɓar ɓangaren da zai ƙware. Wani ya zama mai sarrafa injuna, wani mai feshin fenti, wani mai ɗinkin kushin, wani kuma mai kafa kaya a gidajen mutane. A manyan shaguna akwai mai zane da kwamfuta, wanda yake amfani da manhajoji irin su AutoCAD da SketchUp ya nuna wa mai gida yadda kicin ɗinsa zai kasance tun ba a yanka allo ko ɗaya ba, akwai kuma mai kula da injin yanka da kwamfuta take sarrafawa. Waɗannan gurabe biyu na ƙarshe sun fi buƙatar kai fiye da ƙarfin damtse, kuma a buɗe suke ga mata da maza, har da mai digiri a harshe in ya yarda ya koya.

Mataki na gaba shi ne shugaban ma'aikata, sai kuma mai shago. Ba dole ne mai sabon shago ya mallaki kowane inji ba. A kasuwannin katako akwai masu injin da ake biya su yanka allo su liƙa masa baki, kafinta ya kwashe ya je ya haɗa. Abin da ya zama dole shi ne ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ya buɗe asusun banki dabam da na aljihunsa, ya riƙa ɗaukar hoton duk aikin da ya gama. A yau hotunan da ke WhatsApp da Instagram su ne ɗakin baje kolin ƙaramin kafinta.

Farashi da Amana

Abu na uku shi ne amana, kuma a nan ne gwanaye da yawa suke faɗuwa. Kowa ya san yadda ake yi wa kafinta da tela ba'a a kan saɓa alkawari. Idan muka duba tushen matsalar, sau da yawa rashin lissafi ne. Kafinta ya karɓi kuɗin kafin alƙalami na aikin yau, ya ƙarasa aikin jiya da shi, sai ya zauna jiran na gobe. Ranar da na gobe bai zo ba, sai ɓuya da kashe waya.

Maganin wannan shi ne rubutu. Farashi na gaskiya yana ƙunshe da kuɗin katako da gam da ƙusa da hannaye da makullai da fenti, da ladan ma'aikata, da man janareta, da kuɗin mota, da hayar shago, da abin da zai lalace wajen yanka, sannan riba. A rubuta irin katakon da za a yi amfani da shi da kaurinsa, da ranar kawo kaya, da kwanakin da farashin zai tsaya kafin ya canza, kowa ya sa hannu. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci, domin yawancin hannaye da maratayan ƙofa da alluna masu sheƙi daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala.

Ƙalubale

Ba zan ɓoye wa mai karatu wahalhalun sana'ar ba. Na farko shi ne lafiya. Injin zarto ba ya bambance katako da yatsa. Ƙurar katako kuma ba abin wasa ba ce, domin tun a 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da suke haddasa ciwon daji, musamman na hanci. Ƙurar loko tana jawo asma da ƙaiƙayin fata ga wasu. Takunkumin hanci da tabarau da abin toshe kunne sun fi kuɗin asibiti araha.

Na biyu shi ne ƙarancin katako mai kyau. Misali, maɗobiya, wadda aka yi ta sarewa a jihohi irin su Taraba da Kogi ana fitarwa zuwa Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a 2017, sannan a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Kafintan gobe dole ya saba da katakon shuka da alluna, ya kuma koyi yanka ba ɓarna.

Na uku shi ne gasa. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa kayan ɗaki da ƙofofin katako da filawud cikin kayayyaki 41 da ya daina ba masu shigo da su kuɗin waje a farashin hukuma, amma a watan Oktoban 2023 ya janye wannan mataki. Darasin shi ne, kada mai sana'a ya jingina da kariyar gwamnati, domin takan zo ta tafi. Kariyar da ba a janyewa ita ce wadda aikin oda yake bayarwa. Masana'antar da ke wata ƙasa za ta iya ƙera kujera dubu masu arha, amma ba za ta zo ta auna lungun da ke ƙarƙashin matakalar gidanka ba, ba kuma za ta dawo ta gyara murfin da ya sassauta ba.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa ana shiga wannan sana'a ta shago ko ta makaranta, kuma kowace hanya tana da takardar shaidar da za a iya nema. Mun ga matakanta, daga yaron shago zuwa ma'aikaci, zuwa ƙwararre a ɓangare guda, zuwa mai shago. Ga wanda yake da ƙane ko ƙanwa mai son aikin hannu, ina ba shi shawara kada ya kashe masa gwiwa. Ya nema masa maigidan da yake busar da katakonsa, yake rubuta farashinsa, yake kuma sa yaransa rufe hanci, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga ɗalibin da yake tunanin abin da zai yi bayan bautar ƙasa kuwa, hutun ƙarshen zango ya isa ya je shago mafi kusa ya roƙi a ba shi tef ɗin awo da fensir, ya gwada ko hannunsa da idonsa za su yarda da aikin. Mu kuma ɗaliban Hausa akwai aikin da yake jiranmu, domin yawancin sunayen haɗe-haɗe da injunan kafinta har yanzu da Ingilishi ake faɗarsu. Wanda ya zauna da kafintoci da masassaƙa ya tattara kalmomin da suke amfani da su, ya sami batun kundin digirinsa, ya kuma yi wa harshe hidima.